Keken da ya zo Adar ba a auna shi da ƴan mata ba

Kowace shekara idan Oktoba ya kama aka koma lakwal, akwai lissafin da ake yi a gidaje da yawa na ƙauyukan Madawa da Buza da Keita. Yarinya ta gama aji shida na firamare, sunanta ya fito cikin masu zuwa koleji, amma kolejin yana wani gari, kilomita bakwai ko goma daga gida. Zaɓin da ke gaban uba bai da yawa. Ko ta riƙa takawa da ƙafa, ko a nema mata gidan da za ta zauna a can, ko a riƙa biyan kabu-kabu kullum, ko kuma a ce karatun ya isa haka. Mu duka mun san wanne ne ya fi sauƙin yankewa, mun kuma san abin da ke biyo bayansa. Binciken yawan jama'a da lafiya na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 an yi masu aure kafin su cika shekara 18. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamba 2017 don kare karatun ƴa mace ta yi kyau a takarda, sai dai takarda ba ta rage nisan hanya.

Akwai zaɓi na biyar, shi ne keke. Wasu iyaye sun gwada. Aka tura wa yarinya tsohon keken babanta ko na wanta, ta hau ta faɗi, ta sake hawa ta fasa gwiwa, zanenta ya shiga sarƙa, aka jingine keken a zaure aka ce dama keke ba na mata ba ne. Ni kuwa ina ganin hukuncin nan an yanke shi ne ba tare da an saurari tarihin keken ba. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa a duk ƙasar da mata suka hau keke, sai da aka fara gyara keken ya dace da jikinsu da suturarsu. Mu a nan ba a taɓa yi mana wannan gyara ba. Shi ya sa nake son mu bi labarin daga tushe, sannan mu sauko kan abin da uba zai duba ranar da ya je saye.

Yadda keke ya sauko ƙasa

A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu a garin Mannheim. Ba shi da feda, mutum yana zaune ne yana tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 maƙeran Paris suka liƙa feda a ƙafar gaba. Matsalar wannan tsari ita ce juyin feda ɗaya juyin ƙafa ɗaya ne, don haka mai son gudu sai ya ƙara girman ƙafar. Haka aka yi ta ƙarawa har a shekarun 1870 ƙafar gaba ta kai kusan mita ɗaya da rabi, ta baya kuwa ƴar ƙarama. Mahayi yana can sama kamar wanda ke kan raƙumi, kuma ƙaramin dutse ya isa ya wurgo shi ta ka. Samari masu ƙarfin hali ne suka hau irin wannan keke. Mace mai doguwar riga ba ta da ta inda za ta fara, tsoho ma haka.

Abin ya canza a 1885, lokacin da John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da keken da ya sa wa suna Rover. Ƙafafunsa sun yi kusan daidai da juna, sarƙa ce ke juya ta baya, mahayi kuma yana iya sauke ƙafarsa ƙasa. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Kafin 1890 maƙera sun ƙara abu na uku: suka cire sandar nan da ke tsakanin sirdi da kan keke, suka lanƙwaso ƙarfen ƙasa yadda mace za ta tsallaka ta gaba ba tare da ta ɗaga ƙafa sama ba. Suka rufe sarƙa da murfi, suka saƙa zare a gefen ƙafar baya don kada riga ta shiga cikin wayoyi.

Da waɗannan gyare-gyare suka haɗu, cikin shekara goma matan Ingila da Faransa da Amurka suka cika tituna. Frances Willard, shugabar wata babbar ƙungiyar mata masu yaƙi da shan barasa a Amurka, ta koyi keke tana da shekara 53, har ta rubuta littafi a kai a 1895. Wata matar aure mai ƴaƴa uku, Annie Kopchovsky, wadda aka fi sani da Annie Londonderry, ta bar Boston a Yuni 1894 da niyyar zagaya duniya. Ta fara da keke mai nauyin kusan kilo 19, ta isa Chicago a galabaice, saura kaɗan ta fasa. A can ta canza zuwa wani mai kusan rabin wancan nauyi, ta sake tashi, ta kammala a Satumba 1895, ko da yake jirgin ruwa da na ƙasa sun ɗauke mata wani babban ɓangare na tafiyar. Matar ɗaya ce, ƙarfinta ɗaya ne, keken ne aka sauya.

Kada a ɗauka Turawa sun karɓi abin hannu bibbiyu. Likitocinsu sun yi ta rubutu cewa keke zai lalata lafiyar mace, zai ɓata mata fuska, zai hana ta haihuwa. A 1897, ranar da ake ƙuri'a a jami'ar Cambridge kan ko a ba mata digiri, ɗalibai maza sun rataye mutum-mutumin mace a kan keke don izgili. Duk tsoron da ake faɗa a zaurukanmu yau an faɗe shi a can fiye da shekara ɗari da ashirin da suka wuce, lokaci kuma ya nuna babu gaskiya a ciki.

Keken da ya iso ƙasar Hausa

Layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO da SCOA, daga baya UAC, suka cika da kaya. Keke na cikin kayan. Su wa suka saya? Akawu, masinja, malamin makaranta, ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, manomin da gyaɗarsa ta yi kyau. Dukansu maza ne manya, kuma don su aka zaɓo irin keken da aka kawo: baƙi, mai ƙafa inci 28, firam inci 22 ko 24, birkin sandar ƙarfe, nauyi wajen kilo 20, wani ma da sandar tsakiya biyu don ɗaukar kaya. Kamfanin Raleigh na Nottingham ya yi suna da shi har Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsa a shekarun 1970, ya kuma kafa masana'antar harhaɗawa a Kano. Da kekunan Sin suka shigo, irin su Phoenix na Shanghai, wannan siffa suka kwaikwaya ba su canza komai ba. Araha suka ƙara.

Mu nan Adar da Majiya da kwarin Tarka a zamanin mulkin mallaka muna ƙarƙashin Faransa ne, amma Sakkwato da Kano sun fi mana Yamai kusa, kuma kayan kasuwarmu ta Illela da Ƙonni da Bangi suke shigowa. Kuɗin gyaɗa da na auduga, wadda har aka gina wa injin gurza a Madawa, da kuɗin albasa daga baya, da kuma abin da ƴan ci-rani ke dawowa da shi daga Ikko da Kumasi da Abijan, su ne suka sayi kekunan farko na ƙauyukanmu. Saurayin da ya dawo da keke da rediyo ya ci ci-raninsa. Ana yi wa keken ado da roba mai launi, a ɗaura masa madubi biyu, a goge shi kamar doki ranar sallah. Ya zama kayan martabar namiji.

Yaro namiji kuwa ya samo dabarar hawan abin da ya fi shi. Duk wanda ya taso a garin da ake hayar keke ya san ta: ka zura ƙafar dama ta ƙarƙashin sanda, ka karkata keken gefe, ka riƙa tuƙi a tsaye kana rangaji. Ka faɗi sau goma, a yi maka dariya, ka tashi. Yarinya mai ɗaurin zane ba ta iya wannan, ko ta iya ba za a bar ta ta yi a bainar jama'a ba. Ta haka aka yi shekara hamsin da ɗoriya maza suna koyo mata ba sa koyo, har abin ya zauna a zukata kamar wata tsohuwar al'ada da muka gada. Alhali kuwa shawarar ɗan kasuwa ce, wanda ya auna wa zai biya shi kuɗi ya yi odar keken da ya dace da wannan mutum. Da baburan Sin suka cika kasuwa a shekarun 2000, maza suka koma kansu, keke ya koma hannun yara da talakawa, maganar keken mata ba ta ma taso ba.

Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ya san abin ba dole ne ya kasance haka ba. Can mata ne ke cika hanya da kekuna, da zane da goyo da kwandon kayan miya a baya, Musulmi da Kirista. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, gaskiya, amma kuma a da sun daɗe suna da masana'antar harhaɗa kekuna a Bobo Julaso, kuma keke marar sanda abu ne da ake samu a kowace kasuwa tasu. Maƙwabtanmu ne, rana ɗaya ke dukanmu.

Matan da suka fasa dutse

Wani zai ce matanmu ba su da ƙarfin keke, ko ƙasarmu ta yi dutse da yawa. Wannan magana ba ta tsayuwa a gaban mutumin Keita. A 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan leburori da hatsi da mai. Maza sun tafi ci-rani. Mafi yawan waɗanda suka hau fako da diga da shebur mata ne. Su suka haƙa ramukan tare ruwa a gangaren duwatsu, suka jera duwatsu, suka ɗauko su a ka zuwa madatsun ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak, ya kuma bar hanyoyin karkara da rijiyoyi da azuzuwa. Kafin shi ma, tun 1975, an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya da taimakon ƙungiyar CARE. Yarinyar da ke shirin shiga koleji a Tamaske ko Garhanga ko Ibohamane yau, jikar waɗancan mata ce. Wadda kakarta ta fasa dutse da hannu ba za a ce feda ta fi ƙarfinta ba.

Hawa ma ba baƙon abu ba ne ga matan ƙasar nan. Jaki ne motarsu zuwa rijiya da kasuwa tun kaka da kakanni, ba wanda ya ga aibi. Abzinawa maƙwabtanmu suna da sirdin raƙumi na maza, suna da wani dabam na mata mai faɗi da wurin jingina. Ashe magabata sun riga mu sanin cewa sirdi ake gyarawa ya dace da mai hawa. Tafiya neman ilimi kuwa, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. A ƙungiya suke tafiya, da babba a gaba. Wannan tsari zan dawo kansa.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A 1991, a gundumar Pudukkottai ta kudancin Indiya, wata jami'ar gwamnati, Sheela Rani Chunkath, ta haɗa koyon keke da yaƙi da jahilci. Cikin kimanin shekara ɗaya da rabi matan karkara fiye da 100,000 suka koya, har kekunan mata suka ƙare a kasuwa. A 2006 gwamnatin jihar Bihar, ɗaya daga cikin jihohin Indiya mafi talauci, ta fara ba duk yarinyar da ta shiga aji tara rupi 2,000 ta sayi keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin, suka gano cewa shigar ƴan mata sakandare a kan shekarunsu ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40. Abin lura a bincikensu shi ne amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da makaranta ba ta yi kusa sosai ba, ba ta kuma yi nisan da ya wuce ƙima ba. Wannan shi ne yanayin ƙauyukanmu da yawa.

A Zambiya, ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta raba wa ƴan mata keken da ta ƙera musamman don hanyoyin karkara, mai suna Buffalo, wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100. Binciken da aka yi a kai ya nuna fashin makaranta ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, makara kuma da kusan biyu cikin uku. Malami ya san ma'anar wannan: yarinyar da ta iso kan lokaci, ba a gajiye ba, ita ce ke jin darasin farko, wanda sau da yawa lissafi ne ko Faransanci.

Su ma ƙasashen da suka ci gaba sai da suka sake auna keke. A Japan, a tsakiyar shekarun 1950, maƙera suka fito da keke mai gajeren firam da kwando a gaba don matan gida, wanda suke kira mamacari, shi ne kuma ya zama keken kowa a ƙasar. Da yawa daga cikin kekunan kwatano marasa sanda da ke shigowa Afirka ta Yamma irinsa ne. A Amurka, wata injiniya mai suna Georgena Terry ta kafa kamfani a 1985 saboda ta lura kekunan tsere duk an yi su ne da awon dogon namiji, gajeruwar mace tana miƙewa har wuya da kafaɗa su yi ciwo kafin ta kamo kan keke. Shekara ɗaya kafin nan, a 1984, aka fara barin mata su yi tseren keke a gasar Olamfik. Shekara ɗari bayan Starley ke nan, maganar awo ba ta ƙare ba.

Ranar saye

To, uba ya yanke shawara, ya tara kuɗin albasa ko ɗansa ya aiko daga ci-rani. Me zai duba?

Abu na farko, a je da yarinyar. Ba a sayen takalmi da ƙiyasi, keke ma haka. Maganar nan ta a sayi babba za ta girma ta cike shi, ita ce ke kashe yawancin kekunan ƴan mata tun makon farko. Shekarar koyo ita ce shekarar da take buƙatar keken da ta fi ƙarfinsa. Zanen aro ba ya rufe katara, keken wa ma ba ya kai ƙanwa koleji.

Na biyu, firam marar sanda. Ta tsaya a tsakiyar keken, ƙafafunta biyu a shimfiɗe a ƙasa, babu ƙarfen da ya taɓa ta. A nan ne amsar damuwar da iyaye mata ke raɗawa a tsakaninsu take. Zama a kan sirdin da ya dace ba ya cutar da ƴa mace. Raunin da ake ji wa tsoro yana zuwa ne idan yarinya ta zame daga dogon keke ta faɗa kan sandar tsakiya. Wadda ke da shakka ta tambayi ungozoma a asibiti mafi kusa.

Na uku, girman ƙafa. Mai inci 28 na manyan maza ne. Yarinyar da tsayinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, inci 24 ya fi dacewa da ita. Wadda ta kai ko ta wuce, inci 26. Lambar tana rubuce a gefen taya.

Na huɗu, tsayin sirdi. Lokacin koyo a sauke shi har ta iya dafa ƙasa da ƙafa biyu tana zaune. Hanya mafi sauƙi ta koyo ma ita ce ta Drais: a cire feda kwana biyu ko uku, ta riƙa turawa da ƙafa a fili mai ɗan gangare har ta iya riƙe kanta, sannan a mayar. Idan hannunta ya faɗa sai a ɗaga sirdin. Awonsa shi ne ta ɗora diddige a kan feda yana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai. Idan ta koma tuƙi da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gwiwa, wanda ya yi sama yana sa ƙugu rangaji. A jikin ƙarfen sirdi akwai zane da ke nuna iyakar da za a jawo shi, kada a wuce. Wannan ƙarfe shi ne wurin da aka bar wa girma, keke ɗaya yana iya bin yarinya daga ajin farko har BEPC. Sirdin ya kasance mai ɗan faɗi a baya, a kwance daidai, hancinsa bai ɗaga sama ba.

Na biyar, hannu. Tana zaune ta kama kan keke, gwiwar hannunta ta ɗan lanƙwasa, bayanta bai duƙa sosai ba, tana ganin hanya ba tare da ta ɗaga wuya ba. Sai birki, wanda shi aka fi mantawa da shi. Ta matse shi da yatsunta ba tare da ta saki kan keken ba. Birkin sandar ƙarfe na tsofaffin kekuna an yi shi ne don tafin hannun namiji. Birkin waya ya fi laushi, kuma da yawa suna da ɗan kusa da ake juyawa a matso da maƙamar kusa da yatsu. Gangaren da ke kan hanyar Buza ba wurin gwada birkin da hannu bai kai ba ne.

Na shida, taya. Keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda ke burge samari a cikin kayan kwatano, don kwalta mai santsi aka yi shi. Faɗin tayarsa bai fi santimita biyu da rabi ba, tana nutsewa a yashi, tsakuwa da tsidau da ƙayar aduwa kuma suna gamawa da ita. A nemi mai faɗin santimita huɗu da rabi zuwa biyar. Inda hanya ke hawa dutse, keke mai canjin giya yana taimakawa ƙwarai, muddin mai gyara na kusa ya san shi kuma yana da kayansa. Inda hanya ke shimfiɗe, kamar cikin kwarin Tarka, marar giya ya fi ƙarko. Kafin a biya, a tambayi mai faci na garinku ko yana da taya da tiyub na wannan lamba. Keken da babu tayarsa a kasuwar mako ya zama ƙarfen jingina.

Na bakwai, sutura da nauyi. Murfin sarƙa wajibi ne. Gefen ƙafar baya kuma a rufe shi, ko da da zaren roba ne da mai gyara zai saƙa, kamar yadda matan Ingila suka yi a 1890. Wando a ƙarƙashin zane, hijabi kuma wanda bai sauko har ƙafar keke ba, ko a tattare shi. Sannan ta gwada ɗaga keken da tura shi, domin a kowace hanya tamu akwai ƙoramar da sai an sauka an tura cikin yashi.

Abin da ya rage ga makaranta

Lissafin lokaci a bayyane yake. Mai tafiya da ƙafa yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa, mai keke a hanyar da ba ta lalace ba goma sha biyu ko fiye. Kilomita takwas kusan awa biyu ce a ƙasa, minti arba'in a keke. Zuwa da dawowa, yarinya ta tsira da fiye da awa biyu kullum, na karatu da na taya uwa aiki. Lissafin kuɗi ma kowa na iya yi: a ninka kuɗin kabu-kabu na rana da kwanakin makaranta na wata tara, a gwada da kuɗin keke. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayu 2023 man bumburutu ya daina araha, lissafin ya ƙara karkata wajen keke.

Sai dai uba ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai. Yarinya ɗaya a kan keke abin kallo ce, goma kuwa ayari ne. A nan tsarin ƴan taru yake da amfani: ƴan ƙauye ɗaya su tashi tare su dawo tare, da babbar ɗaliba a gaba, iyaye sun san lokacin fita da na isowa. Kwamitin kula da makaranta, COGES, da ƙungiyar iyaye mata, AME, su ne za su zauna da maigari da liman tun kafin a sayi keke na farko, su kuma amince cewa keken na yarinyar ne a ranakun makaranta, ba na wan da zai je kasuwa ba. Darakta ya ware inuwa mai tsaro inda za a ajiye, a sayi famfo ɗaya da kayan faci na makaranta, malamin wasanni ya ba da awa biyu a koya wa yara faci da ɗaura sarƙa da dokar hanya. Waɗanda hanyarsu ta bi babban titin da ya ratsa Madawa zuwa Maradi, inda manyan motocin albasa ke gudu, a nema masu hanyar gefe ko da ta fi tsawo.

Akwai inda keke ba zai yi ba, ina kuma faɗa ne don kada a ɗora masa abin da ya fi shi. Ƙauyen da ke kilomita ashirin daga koleji, ko wanda hanyarsa yashi ce zalla, ko inda tsaro ya taɓarɓare, maganinsa makarantar kwana ce, irin wadda aka buɗe wa ƴan mata a Kelle ta jihar Damagaram a 2021, ko a kawo kolejin kusa. Amma tsakanin mai kusa da mai nisa ƙwarai akwai ƙauyuka masu yawa a Sabon Gida da Galma da Karofane da Tama da Allakaye waɗanda abin da ya raba ƴaƴansu da aji bai wuce tafiyar minti arba'in ba.

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano da Kwatano abin da ake tambaya suke kawowa. Kakanninmu sun tambayi keken namiji, aka kawo masu shi shekara da shekaru. Idan iyaye goma a kasuwar Tamaske ko ta Madawa suka tambayi marar sanda mai inci 24 ko 26, da murfin sarƙa da faffaɗar taya, kafin kasuwa uku za a gan shi a jere. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani.